Baƙo da Ɗan Gari a Tarihin Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga cikin birnin Kano da ƙafa, yana tambayar sunan kowace unguwa da ya ratsa, zai ji kamar sunayen ƙasashe ake jero masa. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi, ga Dandalin Turawa, ga Kabara. Amma in ya tsaya ya gaisa da mutanen waɗannan unguwanni, da Hausar Kano za su amsa masa, in kuwa ya kuskura ya kira ɗayansu baƙo, to, ya tsokano faɗa. Sa'an nan in ya fita ta Ƙofar Mata, ya ratsa Fagge ya shiga Sabon Gari, tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda ba, zai tarar da mutumin da aka haifi ubansa a Kano, shi ma nan aka yanke masa cibiya, ga Hausa a bakinsa, amma da shi da mutanen birni duk sun yarda cewa shi baƙo ne.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wannan bambanci. Tambayar da muke so mu ɗora a gaban mahalarta wannan taro ita ce, mene ne yake sa mazaunin gari mai tara jinsuna iri-iri ya ji cewa garin nasa ne? Abin da muka fahimta daga tarihin Kano shi ne, ba wa baƙo wurin kwana abu ne mai sauƙi, kowane gari na kasuwanci yana yin haka. Abin da ya fi wuya shi ne a bar masa hanyar da zai bi, shi ko ɗansa ko jikansa, har ya daina zama baƙo. Tsohon birni yana da irin wannan hanya, ko da yake ba kowa aka buɗe wa ita ba. Tsarin da Turawa suka kawo bayan 1903 ya ba baƙi fili, amma ya toshe hanyar.

Baƙin farko da sarautunsu

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, cike yake da labarin zuwan baƙi. A zamanin Sarki Yaji (1349-1385) ya ce Wangarawa sun zo daga Mali, su kamar arba'in, a ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Wani rubutun na Wangarawan kansu ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa, masana kuma sun daɗe suna muhawara a kan haka. Mu dai abin da ya dame mu a nan shi ne abin da aka yi da su da suka iso. An ba wani limanci, an ba wani ladanci, an ba wani yanka, shugabansu kuwa aka ba shi alƙalanci. Watau tun daga ranar farko an ɗora musu wani nauyi na garin, wanda in sun sake shi garin zai ji a jikinsa. Unguwannin Madabo da Mandawari da Zaitawa suna nan suna riƙe da wannan tarihi.

Haka abin ya ci gaba. A zamanin Dauda (1421-1438) wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya zo da jama'a mai yawa, aka zaunar da shi a Ɗorayi. A zamanin Yakubu (1452-1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi, Barebari suka ƙaru, Larabawa kuma suka fara zama. Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya kafa kasuwar Kurmi ya kuma faɗaɗa ganuwa, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafin nasiha kan sha'anin mulki, ya bar zuriyar da ake danganta unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari da ita. Wani abin mamaki da ya kamata mu faɗa ko da a taƙaice: wannan malami da Kano ta karɓa hannu bibbiyu, shi ne wanda ya jagoranci tsananta wa Yahudawan Tuwat a can hamada kafin ya taso. Ashe wanda ya ci moriyar karamci a wani gari yana iya zama wanda ya hana wasu shi a garinsa.

Ganuwar kanta ta taimaka. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lura cewa gidaje sun cika wani sashe ne kawai na cikin ganuwa, saura duk gonaki ne da fili. Saboda haka in jama'a suka zo da yawa, akwai inda za a nuna musu su yi gini a cikin gari, ƙofar da ake rufe wa kowa da magariba ita za a rufe da su a ciki. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin dubu 30, amma ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake suke shigowa, adadin yakan kai dubu 60. Garin da yawan mutanensa yake ninkawa kowace rani dole ne ya san yadda ake saukar baƙo.

Fatoma

A ganinmu babu wata al'ada da ta yi wa Kano aiki a wannan fanni kamar fatomanci, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Falke in ya iso gari da kayansa, ko goro ne daga Gwanja, ko gishiri daga Bilma, ko kanwa daga Barno, gidan fatomansa yake nufa. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ba shi wurin ajiye kaya da na ɗaure dabbobi, a kawo masa abinci daga cikin gida. Ba a biyan kuɗin haya. Ribar fatoma tana cikin la'adar da za a fitar in an yi ciniki, saboda haka arzikinsa ya rataya ne a kan baƙon nan ya ji daɗi ya komo baɗi, ya kuma jawo 'yan'uwansa.

Aikin fatoma ya wuce ba da masauki. Shi ne tafinta in baƙo ba ya jin Hausa. Shi ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, in kuma mai saye ya ci amana, fatoma ne zai biya, don da sunansa aka ba da kayan. In baƙo ya yi rigima, shi zai raka shi gaban alƙali. In ya yi ciwo a gidansa zai yi jinya, in ya rasu shi zai sallace shi ya tsare dukiyarsa har magada su zo. In kuwa zama ya yi zama, baƙo ya nuna yana son ya kafa gida, fatoma ne zai kai shi wurin mai unguwa a nema masa fili, sau da yawa kuma shi zai shige masa gaba wajen neman aure, wani lokaci ma 'yarsa zai ba shi. Wanda ya sauka a zauren wani bana, bayan shekara goma sai ka ga shi ma ya buɗe nasa zauren yana saukar mutanen garinsu. Kada kuma mu manta da cewa tuwon da ake fitarwa zaure safe da dare matan gida ne da bayi suke tuƙa shi, alhali sunan maigida kaɗai tarihi ya riƙe.

Sunan unguwar Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya samo asali, abin da yake nuna cewa Larabawan Gadamus da Tarabulus ma sun shigo da nasu salon. Su ne ainihin Turawan da ake nufi a sunan Dandalin Turawa, tun kafin kalmar ta koma kan Nasara. Gurasa da alkaki, waɗanda Bakano yake tinƙaho da su a matsayin abincin gargajiyarsa, daga gidajensu suka fito.

Kasuwa ita ma tana da nata tsarin na kare wanda ba shi da kowa a gari. Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya ba da labarin wata ƙa'ida ta Kurmi: akan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, in mai saye ya kai kayan har Barno ya kwance ya tarar da algus, sai ya aiko da su, dillali ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya mai da kuɗi. Baƙon da ya san cewa haƙƙinsa ba zai salwanta ba don kawai ba shi da dangi a gari, ya riga ya fara jin garin a ransa.

Misali mafi bayyana na inda wannan hanya take kai mutum shi ne na Agalawa da Tokarawa. Kamar yadda Lovejoy ya nuna a bincikensa kan fataucin goro, asalinsu Bugaje ne, watau talakawa da barorin Azbinawa, waɗanda suka gangaro ƙasar Kano da Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Sun zo ba su da wani matsayi. Suka zauna a ƙauyuka, suka kama fatauci, suka bar harshensu suka ɗauki Hausa, suka riƙe sunan asalinsu don amfanin amana a tsakaninsu. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, daga cikinsu ya fito, kuma da wuya a sami wanda zai ce gidansa ba na Kanawa ba ne. A fagen ilmi haka zancen yake ga gidan Kabara, wanda sunansa na wani gari ne a bakin Kwara kusa da Tambutu, daga cikinsa kuma Shehu Nasiru Kabara ya fito ya shugabanci Ƙadiriyya har rasuwarsa a 1996.

Abin lura shi ne, ba a nemi waɗannan mutane su shafe asalinsu ba. Sunan unguwa yana nan yana faɗar inda aka fito, zanen fuska ma haka. Har ma an mai da bambancin abin raha ta hanyar wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarbawa, inda mutum zai yi wa abokin wasansa baƙar magana a bainar jama'a a yi dariya a watse. Mutum yana iya zama Banufe a unguwarsu, Bakano a Kurmi, Bahaushe in ya je Salaga.

Waɗanda ba a buɗe wa ƙofa ba

Ba za mu yi wa tarihi adalci ba in muka tsaya a nan. Hausawa sun ce baƙonka Annabinka, amma su ne kuma suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Hanyar da muka bayyana tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne Musulunci, musamman bayan da jihadi ya ci Kano a 1807. Masallaci da makarantar zaure da ɗaurin aure da kotun alƙali, duk matakan da baƙo yake takawa na Musulmi ne. Maguzawa, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar, suna biyan jizya suna zaune a karkara, watau ɗan asali ya zama na gefe, wanda ya zo jiya daga Gadamus ya zama na tsakiya.

Sa'an nan ga bayi. Clapperton ya ƙiyasta mutanen Kano tsakanin dubu 30 da dubu 40, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Ko da an rage wani abu daga ƙiyasin nasa, yawan ba kaɗan ba ne. Su ma sun narke sun zama Kanawa, 'ya'yansu cucanawa sun tashi da Hausa, wasu sun riƙe manyan sarautun fada irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, sarakuna da dama kuma 'ya'yan sa-ɗaka ne. Amma ba da son ransu suka zo ba, kuma bai kamata mu lissafa narkewar wanda aka kamo da igiya cikin karamcin gari ba. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa.

Sabon Gari

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga wani sabon irin baƙi: akawuna da ma'aikatan reluwe da na kamfanoni, daga ƙasar Yarbawa da Saliyo da Gwalkwas, da yawansu Kirista masu ilmin boko. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa tsarin: Turawa a Nasarawa, da filin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da baƙar fata, Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, a nasu sashen kusa da Fagge, inda sunan Kantin Kwari ya samo asali, 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba a Tudun Wada, daga baya da Gwagwarwa, 'yan Kudu a Sabon Gari. Bayan an gama gadar Makurɗi a 1932, jirgi ya haɗa Kano da Gabas kai tsaye, Ibo suka yi ta zuwa har suka fi kowa yawa a can.

Dalilan Turawa sanannu ne. Sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka ba sa son mishan a cikin birni, sarakunan ma ba sa so. Suna kuma tsoron kada 'yan bokon Kudu, masu karanta jaridun Ikko, su koya wa talakawan sarki gardama. Sai aka sa Sabon Gari a ƙarƙashin Joji, da dokar Ingilishi, ba ruwansa da Sarki ko alƙali, har zuwa 1940 da aka mai da shi ƙarƙashin En'e ta Kano.

In mun auna wannan da tsohon tsari, sai mu ga an cire matakan ɗaya bayan ɗaya. Baƙo ba ya bukatar fatoma, don kamfani ko gwamnati ce ta kawo shi, ɗakin haya kuma yake kamawa da kuɗinsa. Filinsa ba mai unguwa ya ba shi ba, a takarda aka yanka masa na 'yan shekaru. Kotunsa daban, makarantar 'ya'yansa daban, maƙabartarsa daban. Wanda zai tsaya masa in ya shiga uku shi ne ƙungiyar mutanen garinsu, ita kuwa kullum tana tuna masa cewa gida yana can Kudu. A wani fannin Sabon Gari ya ba da 'yancin da birni bai taɓa bayarwa ba, domin Kirista ya gina cocinsa ya yi ibadarsa a fili, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai 'yanci ne na zama a gefe.

Wani zai ce ai addini ne ya raba, ba tsarin Turawa ba. Amsarmu tana cikin tarihin Yarbawan Kano. Mutanen Ayagi, bisa ga abin da zuriyarsu take faɗa, sun zauna a cikin birni tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846). Sun yi auratayya da maƙwabtansu, sun zama Kanawa, sai dai sunan unguwa da na kakanni. Yarbawan da suka zo a jirgi bayan 1912 kuwa, da yawansu Musulmi ne, daga garuruwan da na farkon suka fito, amma aka sauke su a Sabon Gari. Suka gina masallatansu, da limamansu, da ƙungiyoyinsu, suka zauna a matsayin Yarbawa mazauna Kano. Jinsi ɗaya, addini ɗaya, gari ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne ƙofar da kowannensu ya shigo ta ciki.

Duk da haka mutane sun fi takarda dabara. Kasuwar Sabon Gari ta cika da Kanawa masu saye da sayarwa, Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin Ibo da Bayarabe. A Sabon Gari ne aka kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta, 1950, cikin waɗanda suka kafa ta kuwa har da Bello Ijumu, Bayarabe daga lardin Kabba. Abin da Turawa suka ji tsoro ya auku ke nan. Amma cuɗanyar rana ce, da yamma kowa ya koma bayan iyakarsa.

Ranar da siyasa ta ɗau zafi aka ga illar wannan iyaka. A watan Mayu na 1953, bayan saɓanin da aka yi a majalisar Ikko kan neman mulkin kai a 1956, ziyarar da Akintola ya shirya kawowa Kano ta zama sanadin faɗa na kwana huɗu, mafi yawansa a tsakanin Fagge da Sabon Gari. Hukuma ta ƙirga mutum 36 da suka mutu, 241 suka yi rauni. Na 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, musamman kisan da aka yi wa Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa a farkon Oktoba, Sabon Gari ya kusa zama kufai. Unguwar da aka ware wa jinsi guda ba ta da wuyar ganewa ga mai neman ta da sharri, mazauninta kuma ba shi da suruki ko fatoma a cikin gari da zai fito ya ce wannan nawa ne. An sami waɗanda suka ɓoye maƙwabta da abokan ciniki a gidajensu, bayan an gama yaƙi a 1970 kuma Ibo da yawa sun komo sun karɓi gidajen da suka bari. Wannan abin a yaba ne, amma halin kirki ne na mutane ɗaiɗai, tsarin zaman bai sake ba, kamar yadda rikicin Oktoba 1991 da na Mayu 2004 suka nuna.

Hausawa su ma sun ɗanɗani irin wannan zama a garuruwan wasu. An ware musu Sabo a Badun a 1916, Cohen kuma ya nuna yadda masu gidajen saukar baƙi na can suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar tsare bambancinsu da Yarbawa, domin bambancin shi ne jarinsu. A zangon Kumasi an haifi 'ya'ya da jikoki, amma da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi a watan Nuwamba na 1969, ta ba marasa takarda mako biyu su fice, sai ga mutanen da ba su taɓa ganin Nijeriya ko Nijar ba an ɗora su a mota an ce su tafi gida.

Bayan mulkin kai ba a rushe wannan gado ba, sai ma aka ba shi sabuwar riga. Tsarin mulki na 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, ya kuma danganta zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, na 1999 ya riƙe wannan. Daga nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin shiga makaranta da samun aikin gwamnati. Sabon Gari ya zama mazaɓu biyu a cikin ƙaramar hukumar Fagge, mutanensa suna jefa ƙuri'a suna biyan haraji. Amma jikan akawun reluwe da ya sauka a 1920, in ya tashi neman wannan takarda, galibi garin kakansa ake ce masa ya tafi, alhali jikan Ba'agalen da ya riga shi zuwa da shekara ɗari ba a ma yi masa tambayar.